Henry Gantt: Injiniyan da jadawalinsa ya kama ni da laifi a Suki

A ƙarshen daminar bara, da ruwan kogi ya fara ja da baya, manoman ƙauyenmu da ke kusa da Suki, a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, suka ɗora mini aikin da ban taɓa yi ba. Ni ne magatakardan ɗan kwamitinmu, don dai kawai na yi karatu kuma ina da 'yar tsohuwar kwamfuta. Aka ce in tsara yadda za a gyara babur, a yashe tur'a, ruwa ya isa gonaki kafin lokacin dashen albasa ya wuce. Mai karatu na Kano ko Maraɗi kada ya zaci abin hawa nake nufi. Mu a nan injin ban ruwa muke ce wa babur, tur'a kuwa ita ce magudanar da ke kai ruwa gona. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya iso Sinja da Suki a tsakiyar 2024, muka watse. Da muka dawo mun tarar da injin a wargaje, magudana kuma ta cike da laka da ciyawa.

Na buɗe wata manhajar tsara ayyuka da aka taɓa koya mana a makaranta. Yadda take aiki ba wuya. A gefen hagu za ka jera ayyukan ɗaya bayan ɗaya: kwance injin, sayo kayan gyara, tara kuɗin jaz, wato man dizal, ɗaukar 'yan ƙwadago, yashe magudana, gwajin ruwa. A sama kuma ranaku ne a jere. Kowane aiki ka gaya mata ranar farawa da yawan kwanakin da zai ci, sai ta ja masa wata 'yar sanda a kwance, tsawon sandar daidai da tsawon kwanakin. In wani aiki ba ya farawa sai wani ya ƙare, sai ka ɗaure su da kibiya. Da ka matsar da na farko, na bayansa duk su bi shi.

A saman allon akwai kalma ɗaya da na sha gani ban taɓa tambaya ba: Gantt. Na ɗauka sunan kamfani ne. Ashe sunan mutum ne, wanda ya rasu fiye da shekara 100 da suka wuce. Abin da ya sa na bi diddigin rayuwarsa zan faɗa a ƙarshe, amma bari mu fara da shi kansa.

Ɗan gidan da ya karye

An haifi Henry Laurence Gantt ranar 20 ga Mayu, 1861, a yankin Calvert na jihar Maryland a Amurka, makonni kaɗan bayan ɓarkewar yaƙin basasar ƙasar. Gidansu gidan manyan manoma ne masu gandu da bayi. A 1864 aka haramta bauta a Maryland, kafin yaƙi ya ƙare a 1865 dukiyar gidan ta rushe, gona ta tafi, iyalin suka koma birnin Baltimore cikin talauci. Wato yaron ya buɗe ido ne ya ga yadda arzikin da aka gina a kan gumin wasu ke zubewa a 'yan shekaru.

Ya yi karatu a makarantar McDonogh, wadda aka buɗe a 1873 da dukiyar wasiyyar wani attajiri, musamman don 'ya'yan talakawa maza. Makaranta ce ta gona mai horo irin na soja, yara na karatu suna kuma aikin hannu, komai da lokacinsa. Ya gama a 1878, ya shiga Jami'ar Johns Hopkins, ya fito da digiri a 1880 yana ɗan shekara 19. Daga nan ya koma tsohuwar makarantarsa ya yi shekara 3 yana koyarwa. Wannan malanta ta bi shi har kabari, domin duk masana'antar da ya shiga daga baya, abin da ya fi damunsa shi ne a koya wa ma'aikaci aiki kafin a ɗora masa laifin kasawa.

A 1884 ya samu takardar injiniyan injuna daga kwalejin Stevens da ke New Jersey, ya fara aikin zane a wani kamfanin ƙera injuna a Baltimore. Shekarar 1887 ce ta juya masa rayuwa, lokacin da ya shiga kamfanin ƙarfe na Midvale a Philadelphia ya zama mataimakin Frederick Taylor.

Shi da Taylor

Taylor shi ne mutumin da duniya ta sani da agogon auna aiki. Yakan tsaya a kan ma'aikaci, ya raba aikinsa gunduwa-gunduwa, ya auna daƙiƙoƙin da kowane motsi ke ci, sannan ya yanke adadin da ya kamata mutum ya yi a wuni. Tsarin biyansa yana da tsauri: wanda ya cika adadin a biya shi da farashi mai tsoka, wanda ya gaza a biya shi da farashi na ƙasa a kan duk abin da ya yi. Ka gaza, ka sha biyu ke nan, ga kunya ga asara.

Gantt ya zauna a Midvale har 1893, daga baya kuma ya sake haɗuwa da Taylor a kamfanin ƙarfe na Bethlehem wajen 1899. Ya yarda da auna aiki, ya yarda da tsari, amma bai yarda da yunwa a matsayin bulala ba. A 1901 ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka nasa tsarin. Kowane ma'aikaci yana da ladan wuni tabbatacce, ko ya cika adadi ko bai cika ba. In ya gama aikin da aka yanka masa cikin lokacin da aka ɗiba, sai a ƙara masa tukuici a kai.

Inda dabarar take shi ne wajen shugaban ma'aikata. Gantt ya ce shi ma a ba shi tukuici a kan kowane yaronsa da ya cika adadi, in kuma dukkansu suka cika, a ƙara masa wani a kai. Da haka sai riba ta koma ga mai koyarwa. Shugaban da a da aikinsa tsawa da kora, yanzu aljihunsa ne ke gaya masa ya je wajen mafi rauni a cikin yaransa ya nuna masa yadda ake yi, ya tabbatar kayan aiki sun iso gabansa da wuri.

Bayan barinsa Bethlehem ya koma aikin kansa, yana bai wa masana'antu shawara. Ya yi shekaru a masana'antun yadi, ciki har da ta Sayles a Rhode Island da ta Brighton a New Jersey. A nan ne ya riƙa liƙa takardu masu nuna aikin kowane mutum kullum: baƙin layi ga wanda ya ci tukuici, jan layi ga wanda bai ci ba. A 1903 ya riga ya gabatar da wata takarda kan yadda za a riƙa zana abin da masana'anta ta yi alkawari da abin da ta cika, rana bayan rana. A 1910 ya fitar da littafinsa na farko, kan aiki da lada da riba.

A wannan shekarar ta 1910, a masaukinsa da ke New York, lauya Louis Brandeis ya zauna da wasu almajiran Taylor suka amince da sunan da za a riƙa kiran wannan fanni, wato tafiyar da aiki bisa ilimi. Sunan ya bazu, amma ƙiyayya ma ta bazu. A 1911 ma'aikatan masana'antar makamai ta gwamnati da ke Watertown suka yi yajin aiki saboda agogon awo, har majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike. Tsakanin Gantt da ubangidansa ma zumunci ya yi sanyi, domin Taylor mutum ne mai son a bi tsarinsa harafi da harafi, Gantt kuwa yakan lanƙwasa tsari ya dace da wurin da ya tarar. Taylor ya rasu a 1915.

Shafin da aka manta

A cikin duk abin da na karanta game da shi, ga wanda ya tsaya mini a rai. Gantt ya lura cewa idan inji ya tsaya ko mutum ya zauna ba aiki, masu kamfani ba sa tambayar dalili, sai su ce lalaci ne. Sai ya ƙirƙiro jadawalin da ke nuna sa'o'in da kowane inji ya yi aiki da waɗanda ya yi a tsaye, kuma dole a rubuta harafin da ke nuna sanadin tsayawar: babu kayan sarrafawa, babu kayan aiki, babu wuta, ana gyara, babu oda, babu mai kula. Da aka tara waɗannan haruffa, sai ga shi galibinsu ofis suke nunawa. Mai sayo kaya ya makara, mai tsara aiki bai tsara ba, mai gyara bai zo ba. Ma'aikaci dai yana nan zaune yana jira.

Har ya kai ga cewa bai dace a ɗora wa mai saye kuɗin injin da ya kwana a banza ba, asara ce ta masu gudanarwa, su ya kamata su ɗauka. Irin wannan magana ba ta yi wa attajirai daɗi ba. A ƙarshen 1916 ya jagoranci kafa wata ƙungiyar injiniyoyi da ke neman a damƙa ragamar masana'antu ga waɗanda suka san aiki, a kuma auna kamfani da hidimar da yake wa jama'a kafin ribar da yake ci. Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, shigar Amurka yaƙi ta shafe ta.

Yaƙi ne ya fito da jadawalin

A watan Afrilun 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gwamnati ta raba kwangilar makamai ga ɗimbin kamfanoni, rahotanni suka yi tsibi a ofisoshi, amma ba wanda zai iya cewa ga inda aka kwana. Janar William Crozier, shugaban sashen makamai na rundunar soja, ya ga irin zane-zanen Gantt, ya nemo shi.

A nan Gantt ya gano abin da ya sa sunansa ya rayu. Kayan da ake ƙerawa iri-iri ne, wani a ƙidaya shi, wani a auna shi, ba za su jeru a ma'auni ɗaya ba. Abin da ya haɗa su duka shi ne lokaci. Sai ya mai da faɗin takarda ya zama kwanaki. Kowane gurbi yana nufin mako guda, yana kuma nufin aikin da aka yi alkawarin yi a wannan makon. Sai a ja siririn layi a cikin gurbin gwargwadon abin da aka yi, a ƙasa kuma a ja kakkauran layi mai nuna jimillar aiki tun daga farko. In yau tana nan, kakkauran layi kuma ya tsaya can baya, ko wanda bai iya lissafi ba zai ga kwanakin da aka makara. Gani ya kori ji.

Daga makamai aka kai shi wajen jiragen ruwa. Jiragen yaƙin Jamus masu nutso suna ta nutsar da jiragen dakon kaya, Amurka na gaggawar ƙera sababbi. Ta yaya za a san jirgin da ake ƙerawa ya kai rabi? Gantt ya ɗauki yawan ƙusoshin da aka buga wajen haɗa farantan ƙarfe a matsayin ma'auni, tunda an san adadin da jirgi ke buƙata. Ya kuma zana wa jiragen da ke tafiya jadawalin kwanakin da suke yi a teku, da na lodi, da na zaman jira a tasha, kowane jira da dalilinsa.

Yaƙi ya ƙare a Nuwamban 1918. A 1919 ya fitar da littafinsa na ƙarshe, kan tsara al'umma domin aiki, inda ya nanata cewa kasuwancin da ya manta da hidimar jama'a yana haƙa wa kansa rami. Ranar 23 ga Nuwamba, 1919, ya rasu yana da shekara 58. Ya bar matarsa Mary, wadda ya aura a 1899, da 'yarsu ɗaya.

Bayan rasuwarsa

Shi kansa bai sa wa jadawalin sunansa ba. Wani abokin aikinsa, Wallace Clark, shi ya rubuta littafi a kai a 1922, aka fassara shi cikin harsuna da dama, sunan ya manne. Wani abokin aikin nasa, Walter Polakov, ya kai dabarar Tarayyar Sobiyet lokacin shirinsu na farko na shekara biyar. A 1929 aka kafa lambar yabo da sunan Gantt, wadda har yanzu ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka ke bayarwa.

Adalci ne a ambaci wani mutum. Injiniya Karol Adamiecki, ɗan ƙasar Poland, ya ƙirƙiro makamancin wannan jadawali tun 1896 a masana'antar ƙarfe. Amma shi da harshen Poland da na Rasha ya yi rubutu, kuma cikakken bayaninsa bai fito ba sai 1931. Duniyar masu Turanci ba ta ji shi ba, suna ya tafi ga Gantt. Mu masu rubutu da Hausa mun san wannan ciwon.

Kibiyoyin nan da na ce ana ɗaure ayyuka da su ba na Gantt ba ne. A 1957 injiniyoyin kamfanin DuPont da na Remington Rand suka fito da hanyar gano jerin ayyukan da in ɗaya ya makara, duk aikin ya makara. A 1958 rundunar ruwan Amurka ta fito da irin tata a shirin makami mai linzami na Polaris. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi aka haɗa su da sandunan Gantt. Microsoft Project ya fito a 1984, yau kuma akwai na kyauta irin GanttProject da ProjectLibre, wasu ma da Excel kawai suke zana nasu. A da, in rana ɗaya ta sauya, sai an sake zana takarda gaba ɗaya da hannu. Yanzu dannawa ɗaya ce.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Jan layi da baƙin layi a bango, kowa na gani, abu ne mai iya zama cin fuska. Ma'aikata da yawa na zamaninsa sun ɗauki duk wannan awo a matsayin dabarar tatsar su, kuma a wurare da dama haka aka yi amfani da shi. Takarda ba ta da tausayi, ya danganta da hannun da ta faɗa.

Mu da jadawalin wasu

A shekarar da Gantt ya rasu, babban aikin da ya shafi kakanninmu yana tangal-tangal. Madatsar ruwa ta Sinnar, wadda tsofaffinmu ke kira Makwar, an fara ta gab da yaƙin, yaƙi ya dakatar da ita. A 1922 aka bai wa kamfanin Pearson na Ingila, ya gama a 1925, gini mai tsawon kusan kilomita 3 a kan Shuɗin Nilu. A wannan aikin kogi ne ke yanka wa'adi. Ruwan saman Habasha yana kawo ambaliya kowace shekara, ta kai ƙololuwa wajen Agusta, duk abin da ba a kammala a tsakiyar kogi ba kafin ta iso, sai dai a jira wata shekara.

Mutanenmu suna cikin masu dakon dutse a wurin. Wasu alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da madatsar ta fara ba da ruwa aka buɗe aikin Jazira da faddan 300,000. A can komai da ranarsa: ranar shuka, ranar ban ruwa duk mako biyu, ranar tsinkar auduga, ranar tuge karan. Mufattishi na zagayawa yana dubawa. Mafi yawan Hausawa a Jazira ba masu hawasha ba ne, wato gonar da hukuma ke yanka wa manomi. 'Yan ƙwadago ne da masu noman raba-daidai, mazauna kambo a bakin magudanai. An ƙidaya buhunan da suka tsinka. Kwanakin da suka yi suna jiran ruwa, ko jiran buhu, ko jiran a biya su, ba su shiga littafin kowa ba.

Kakana na wajen uba ya yi wannan rayuwa kafin ya gangaro Suki. Na tashi ina jin haushin yadda ake kiran irinsa malalata. Ban taɓa tunanin wata rana ni zan faɗi wannan kalmar a kan wasu ba.

Yadda jan layi ya faɗo kaina

Jadawalin da na zana ya yi kyau a ido. Na buga shi a wani shago a Suki, muka liƙa a bangon zauren da muke taro. Na ba yashe magudana kwana 12, gyaran babur kwana 10, na ce su tafi tare. Muka ɗauko samari 14 daga wani ƙauye na gaba, a kan ladan wuni.

Kwana 12 suka cika, magudana ba ta kai rabi ba. Iri na ta girma a bedi, ya kusa wuce dashe. A taron dare murya ta tashi, aka ce yaran nan ba sa aiki, a sallame su a rage musu kuɗi. Ni ma na goyi baya, har na nuna sandar da ke bango na ce ga shaida. Wani dattijo da duk muke kira Baba, wanda ya yi shekaru yana gadin ƙofar ruwa, bai yi musu da ni ba. Ya dai tambaye ni ko takardar tawa ta rubuta abin da yaran suke yi a ranakun da ba su haƙa ba. Na ce ba ta da wurin wannan. Ya ce to ashe rabin magana ta faɗa.

A daren ban yi barci ba. Da intanet ta ɗan kama, na shiga neman ko akwai yadda ake sa dalili a manhajar, a nan na ci karo da tarihin mai sunan, na ga ashe shafin dalili yana cikin abin da ya fara zanawa, mu ne muka ɗauki sanduna muka bar shi. Da safe na ɗauki littafi na je wajen shugaban samarin, muka zauna a gindin bishiya muka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya.

Kwana 2 na farko, shebur 6 ne kawai ga mutum 14, saura suna hannun wani maƙeri da ban aika masa kuɗi ba. Kwana 3 sun tsaya saboda ruwa ya kwanta a wani sashe na magudanar, ba a haƙa laka a cikin ruwa, kuma babur ɗin da zai janye shi yana kwance. Me ya kwantar da shi? Wani ƙarfe da za a sayo daga Madani, wanda na rubuta a jadawali amma na jinkirta aikawa kwana 4 ina jiran a cika kuɗin jaz, alhali kuɗin ƙarfen daban ne, yana aljihuna. Wuni 1 kuma sun tafi neman abinci saboda ba mu biya su na mako ba. Cikin kwana 12, shida sun tafi a kan abin da ba hannunsu, biyar daga ciki kuma ni ne. Kuskuren ma tun daga zane yake: na sa ayyuka biyu su tafi tare, alhali wani sashe na ɗaya yana jiran ɗayan. Kibiya guda na manta. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na yara.

A taro na gaba na karanta lissafin da bakina. Ba daɗi, wallahi. Wani kawuna ya ce in ajiye muƙamin, wasu suka ce a bar ni in gyara abin da na ɓata. Aka biya samarin kuɗinsu cif, har da kwanakin jira. Muka kuma ɗauki wani abu daga tsarin Gantt: ladan wuni yana nan, in an gama sashen da aka yanka kafin la'asar akwai ƙari, shugabansu ma da nasa.

Ruwa ya isa gonaki a makare da kwana 9. Gonakin da ke kusa da kogi sun tsira. Na can ƙarshen magudana, gidaje uku, irinsu ya tsufa a bedi, albasar ba ta yi kai sosai ba, sun yi asara. Ɗaya daga cikinsu gonar wata bazawara ce mai marayu. Kwamiti ya yafe mata kuɗin jaz na kakar, amma wannan bai mayar mata da abin da ta rasa ba, kuma har yau in mun haɗu a hanya gaisuwarmu gajera ce.

Jadawalin bana yana nan a bangon zaure. Sandunan suna nan kamar na bara, na ƙara kibiyar da na manta, sannan a gefen dama na bar fili mai faɗi da aka rubuta dalili a samansa. Alƙalamin yana rataye da zare, kuma ba ni ke cikewa ba. Shugaban 'yan ƙwadago ne ke rubutawa kowace yamma, da ajami, Baba ya duba ya sa hannu.